Ƙwanƙwasar Keken Yaya

Kunne ake ce masa a layin teloli, kuma ba don nasa sun fi na kowa faɗi ba ne, ko da yake tsakani da Allah ba ƙanana ba ne. Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran keken ɗinki, bai taɓa fara aiki da kwance noti ba. Tela zai hau kekensa ya taka, shi kuwa ya ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin wa'azi. Can sai ya ce, "Boris ɗin baya ne," ko ya ce, "Ƙwarƙwaro ne ya ci gefe." A buɗe, a tarar haka ɗin ne. Ba shi da gona, ba shi da gidan haya, rumfarsa ma in ya miƙe ƙafa sai ta leƙa titi. Kunnen nan shi ne jarinsa kaf.

To, wadda ta tashi karya masa jarin ba bare ba ce. Yayarsa ce, ciki ɗaya.

Ita ce da shagon saman bene a bakin layin, kekuna tara, mata takwas suna ɗinki, ita tana yanka. Duk layin in ta yi tari sai an ji. Na taran nata ne ita kaɗai, wani baƙin keke na ƙafa, tsoho tukuf, wanda ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kansa. Wata safiya ta leƙo ta taga ta ƙwala masa kira, ba da sunan da layi ya ba shi ba.

"Kai! Auta! Hauro ka ji."

Mutum ya yi furfura, ya yi jikoki, amma a bakin yayarsa har gobe shi ne mai fitsarin kwance. Ya ɗauki jakar ƙarafansa ya hau.

"Keken nan yana ƙwanƙwasa," ta ce. "Dum, dum, dum, daga nan ɓangaren hagu. In na taka da ƙarfi sai ya ƙara sauri."

Ya ɗora sukundireba. Ta taka. Ya lumshe ido, ya matsa gaba, ya matsa baya, ya durƙusa ya saurari feda. Keke yana tafiya sumul kamar an shafa wa maciji mai.

"Yaya, lafiyarsa ƙalau."

"Lafiyar wa? Ga shi nan yana yi yanzu haka."

"Ni ban ji komai ba."

Da ya san inda wannan maganar za ta kai shi, da ya haɗiye ta da ruwa. Mata takwas suka ɗaga ƙafa daga feda a lokaci guda. Yaya ta zare fil ɗin da ke bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a gefen tebur, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba ka ji ba," ta ce. "To. Allah Sarki tsufa."

Ranar ya kwance keken nan, karo na farko a rayuwarsa da ya buɗe ƙarfe bai san abin da yake nema ba. Ya wanke, ya sa mai, ya canza bel, ya mayar. Washegari taga ta buɗe: "Auta! Yana nan!" Ya sake kwancewa. Ya canza boris ɗin da babu abin da ya same shi. "Auta!" Karo na uku ya sauko da kan keken rumfarsa, ya baje shi a kan buhu har ƙaramin noti, yana ɗaga kowane yanki yana duba shi a rana kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi. Ya haɗa. Ta hau ta taka bai fi kamu biyu ba, ta tsaya.

"Har na tsaya ma bai daina ba. Ka ƙara masa ciwo."

Layin teloli kuwa, ka san zare a hannunsu yake, magana ba ta kwana ba su ɗinke ta ba. Dogo mai ɗinkin wando, wanda rumfarsa ke kallon ta Kunne, shi ya fara. In Kunne ya wuce sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi.

"INA KWANA, KUNNE!"

"Ina jin ka, ɗan nema. Ba a rijiya nake ba."

"A'a, na ce ko batir ya yi sanyi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da keken Dogo ya fara tsinka zare, ba rumfar Kunne ya kai shi ba.

Akwai wani sabon mai gyara da ke zagayowa a kan babur, Mai Jaka ake ce masa, don komai sabo ne a jakarsa, cikin leda. Shi ba ya saurare, canzawa yake yi. Yaya ta aika aka kira shi, da rana tsaka, kowa yana gani. Ya hau, ta taka, ya karkata kai ya ce, "Ai kuwa ga shi nan, Hajiya, ina jin sa raɗau." Ya zubar da rabin hanjin keken ya cusa sabo. Kwana biyu Yaya tana cewa an gyara, don dai ƙanenta ya ji haushi. Rana ta uku ta yi shiru da zancen, ta koma zagin masu ƙera kayan zamani.

Wannan "ina jin sa raɗau" ita ta hana Kunne zama. In Yaya kaɗai ce, sai ya ce rigimarta ce. To ga na biyu ya ji. Ya zama ba ya iya zama a benci minti biyar. Ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo, ya murza yatsu biyu a gefen kunnen dama, ya murza a na hagu. Ya kara agogon hannu a kunne. Ya ji, ko kuwa dai ya san ya kamata ya ji ne? Keken da ya gama gyarawa jiya sai ya sake buɗe shi yau. A gida ya sa matarsa ta tsaya bakin ƙofa ta yi masa raɗa.

"Me na ce?" ta tambaya.

"Kin ce gishiri ya ƙare."

"To ka ji. Sai ka sayo."

"Ƙara matsawa baya."

"Malam, ni shekara talatin nake maka magana a cikin kunne ba ka ji, ba ka taɓa damuwa ba. Yau don ƙarfe ya yi magana?"

Ana cikin haka fuskar Yaya ta karkace.

Fil ne ya fara tona asiri. Tana gwada wa wata riga, bakinta cike da fil kamar kullum, sai suka riƙa zubowa ta gefen hagu suna faɗuwa a ƙafar mai rigar. Da ta kurɓi shayi, rabi ya bi haɓa. Kafin sati, gefen bakin ya sauka, girar hagu ta ƙi ɗagawa, idon ya ƙi rufuwa sai ruwa yake yi. Matan shagon sun yi kwana biyu suna zaton yatsina take musu, don ba sabon abu ba ne a wurinta.

'Yarta, malamar makaranta, ita ta ja ta zuwa asibiti, kuma ita ta tsaya a rumfar Kunne ta ba shi labari.

"Kawu, likita ya ce jijiyar fuska ce ta kumbura. Wai yana faruwa, kuma yawanci sati kaɗan yake sakin mutum. Ya ba ta ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido."

"Ba shanyewar jiki ba ce?"

"A'a, hannu da ƙafa lafiya. Bakin ma bai mutu ba. Ya tambaye ta ko kunne na damun ta, ta ce masa kunnenta garau, ita da take jin abin da bakanike ba ya ji."

Kunne ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya sunkuyar da kai. Har a gaban likita sai da aka yi da shi.

Sati kaɗan ɗin ya wuce, wata ya wuce, na biyu, na uku. Fuska ba ta dawo ba, sai ma ƙara sauka take. Yaya ta koma manne idon da filasta in za ta huta, tana yanka da ido ɗaya, tana faɗa da rabin baki, kuma rabin ya ishi kowa. Shi kuwa Kunne, a da kafin azahar kawunan kekuna shida ke layi a rumfarsa. Yanzu sai ya wuni da ɗaya, shi ma na wata tsohuwa ce da ba ta san an daina yayinsa ba. Ya fara tunanin sayar da ƙarafan. Ya ɗaure su a buhu, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Bai hau benen nan ba tun ranar Mai Jaka. Gaisuwar ciwo ma a gida ya je ya yi, a tsaye.

Wata ranar Talata malamar ta sake biyowa daga makaranta, da littattafan yara a hammata.

"Kawu, don Allah ka san mai gyaran firji na kirki?"

"Me ya same shi?"

"Mama ce. Wai ƙwanƙwasa yake yi. Mun kira mutum biyu, sun ce ba komai."

Kunne ya ajiye tsumman da ke hannunsa.

"Firji?"

"Wallahi mun gaji. Agogon bango ta sa an cire. Maƙwabcinmu ta yi masa tas a kan injin ruwansa, mutumin ya rantse ranar ko wuta babu. Yanzu firji."

"Wace irin ƙara take cewa?"

"Ka san ta dai. Dum, dum, dum."

Bai ko rufe rumfar ba. Ya tsallaka titi da silifa ɗaya a juye, Dogo yana kiran "INA ZUWA HAKA?" bai waiwaya ba. Ya hau benen nan bibbiyu, ya isa sama yana haki.

Yaya tana teburin yanka, ta shimfiɗa yadi, alli a hannu. Ta dube shi da idon da ke ruwa.

"Wa ya mutu?"

"Hau kekenki."

"Kai da wa?"

"Yaya, don girman Allah hau kekenki. In na yi ƙarya yau, da hannuna zan kai wa Mai Jaka ƙarafaina."

Wannan ta yi mata daɗi. Ta hau. Ya miƙa mata almakashinta.

"Taka. Duk bugu ɗaya da kika ji, ki buga almakashin a tebur."

Ta taka, ta fara bugawa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Matan shagon suka taso suka kewaye su. Kunne bai taɓa sukundireba ba. Idonsa yana kan ƙafar keken da ke juyawa, kunnensa yana kan almakashi. Ƙafar ta juya uku, almakashi ɗaya. Ta juya biyar, almakashi ɗaya. Ƙarfe kuwa ba ya haka. Abin da ya goge a cikin keke, duk juyi sai ya yi kuka a wuri guda, ba ya tsallake, ba ya jira.

Ya sa tafin hannu ya danne ƙafar. Keke ya tsaya cak.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Ka gani?" ta ce. "Ka riƙe shi ma bai daina ba."

Ya zare bel ɗin ya rataya a wuyansa. Ƙwas. Ƙwas. Ya kwance kan keken daga teburinsa, ya rungume shi, ya miƙa wa babbar cikin matan ya ce ta kai shi ƙasan bene. Suka ji saukarta har ta kai. Babu komai a gaban Yaya sai rami a katako.

Ƙwas.

Hannunta ya ɗan yi jinkiri, amma ta buga, don ita ba ta ƙarya, ko a kan kanta.

Sai ya kama ɗaya hannun, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, inda jini ke harbawa. Rabon da ya riƙe hannun nan tun tana tsallakar da shi titi. Ya ce, "Ci gaba." Ya fara gyaɗa kai da abin da yatsunsa ke ji. Kansa ya sauka, almakashi ya sauka. Kansa, almakashi. Ko sau ɗaya ba su saɓa ba.

"Ba keke ne ke sauri ba in kin taka," ya ce a hankali. "Ke ce. Yaya, a cikin kanki yake."

"Hauka kake ce min?"

"A'a. Kunnen hagu nake cewa. Gefen da fuskar ta sauka."

Ta fizge hannunta. Ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya har kowacce ta tuna tana da ɗinki. Sannan ta ce, ba ta dube shi ba, "Shi wancan ɗan iskan da ya ce yana jin sa raɗau fa?"

"Shi ma sai a kai shi asibiti."

Sai da aka yi kwana huɗu ana fama kafin ta yarda, shi ma da sharaɗin Kunne ne zai yi bayani, don ita ba za ta tsaya gaban yaran mutane ta ce ta yi watanni tana zagin keke da firji ba.

Likitar kunnen wata 'yar firit ce mai gilashi. Kunne ya yi mata bayani kamar yadda zai yi wa tela: ga inda ƙarar take, ga lokacin da take sauri, ga yadda ya gwada. Ba ta yi dariya ba. Ta zura 'yar fitila a kunnen Yaya, ta daɗe tana kallo, ta kira wani likitan shi ma ya leƙa, ya kira na uku. Yaya ta ce, "Ko za ku sa kujeru ne a sayi tikiti?"

Aka yi hoton kai. Da ya fito, likitar ta zaunar da su. Ta ce wani ɗan ƙari ne ya tsiro a bayan dodon kunne, ja, bai fi ƙwayar wake ba, cike da hanyoyin jini, shi ya sa yake bugawa tare da zuciya. Ta ce ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, zaman wurinsa kawai yake yi yana girma. Matsalar, jijiyar da ke motsa fuska ta nan cikin kunne ta ratsa, ta wani ɗan lungu matsattse, shi kuwa ya zauna mata a wuya.

"Kamar zare ya maƙale a hanya," Kunne ya ce.

"Kamar haka, Baba. Ba kasafai ake ganin irinsa ba, balle har ya taɓa fuska. Za a yi aiki a cire. Ƙarar za ta tafi. Fuska kuwa ba zan yi alkawari ba, jijiyar ta daɗe a danne." Ta juya wurin Yaya. "Mama, me ya sa ba ki gaya wa likitan farko kina jin ƙara ba?"

"Shi bakanike ne? Fuska na kai wa mai fuska, ƙara na kai wa mai ƙara."

Kafin su fita aka shigar da Yaya wani ɗan ɗaki mai katifa a bango don a auna jinta. Kunne ya yi ta kai da komo a baranda, ya zauna, ya tashi. Da ta fito, sai ya matsa kusa da mai awon, ya rage murya.

"'Yata, ni ma ko za a ɗan duba nawa? Tunda an zo."

Aka sa masa abin kunne, yana danna maɓalli in ya ji ƙara. Mai awon ta duba takarda.

"Shekarunka nawa, Baba?"

"Sittin da biyu."

"To kunnen ɗan sittin da biyu ne. Siririyar ƙara ta fara wuce ka, sauran lafiya."

Ba abin da ya so ji ke nan ba, ba kuma abin da ya ji tsoro ba. Ya ninke takardar ya tura a hula.

Aka yi aikin, aka cire ƙarin. Yaya ta farka ta yi shiru tana saurare, ta ce, "Kai, ashe haka duniya take." Jin kunnen hagun ya ragu. Bayan wasu makonni idon ya fara rufuwa da kansa, girar ta ɗan motsa. Bakin dai ya tsaya a ɗan karkace, kamar wadda aka gaya wa farashin da ba ta yarda da shi ba.

Layi kuwa bai san komai ba sai cewa an yi mata aikin kunne. Matan shagon an ja musu kunne, kuma suna son aikinsu. Matar Kunne ta yi ta zungurarsa: "Ka faɗa mana! Ka tsaya tsakiyar titi ka faɗa!" Ya ce da wane baki? Ya wanke kansa da ciwon yayarsa? Dogo ya tambaye shi, da ƙarfi kamar kullum, ya ce masa, "Da sauƙi." Rumfa tana nan wayam. Buhun ƙarafan yana ɗaure a ƙarƙashin benci, ya ma yi magana da mai saye, sun tsayar da ranar Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da layi ya fi cika, sai aka ji ƙarar amalanke. Ba ɗaya ba, uku. Kowanne ɗauke da kawunan kekuna uku a kan tsumma. Daga benen Yaya zuwa rumfar Kunne taku ashirin ne, tsallaka titi kawai. Amma amalanken nan sai da suka gangara har ƙarshen layi, suka juyo, suka biyo ta gaban kowace rumfa a hankali kamar masu rakiyar gawa. Yaya tana biye da su da lema, ranarta ta farko a waje. Teloli suka bar ɗinki suka fito.

Aka tsaya gaban rumfar. Kunne ya miƙe.

"Yaya, me ya same su?"

"In na sani zan kawo maka?" Ta ɗaga murya, rabin bakin yana aikin baki biyu. "Ka saurare su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka ce, shi ke nan. Baƙin nan kuma ka zubar min da tarkacen da aka cusa masa, ka mayar min da irin hanjinsa na da, in ba ka sayar da ƙarafanka ba."

"Matan shagon fa? Da me za su yi ɗinki yau?"

"Su huta. Su ma 'ya'yan mutane ne."

"Ina zan ajiye keke tara? Rumfar nan ni kaɗai ma..."

"Auta, surutu na kawo maka ko aiki?"

Ta juya ta tsallaka titi abinta. Ya tsaya yana kallon kawuna tara jere a bakin titi, waɗanda ya san takwas daga ciki babu abin da ke damun su. Ya jawo buhun daga ƙarƙashin benci ya kwance igiyar.

Bai kai ga na uku ba inuwa ta rufe shi. Dogo ne, da kan kekensa a hammata, yana sosa ƙeya.

"Kunne," ya ce, da muryar mutane. "Wannan tun watan jiya yake tsinka min zare. An canza masa komai."

Kunne bai ɗago ba.

"Ajiye can baya," ya ce. "Bakwai ne a gabanka."